Falsafa a Hartum ko aƙida a Madina: ina mai neman ilimin samuwa zai nufa?

Duk yaron da ya yi karatun zaure a Maiwurno, ko Gadarif, ko Kasala, ya taɓa ilimin samuwa tun kafin ya ji sunan wani Aristo. Cikin siffofi ashirin da malam ke biya masa daga Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, ta farko ita ce samuwa, kuma kafin a kai gare ta sai an raba masa hukuncin hankali gida uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Yawancin yara sukan haddace su wuce. Amma ba a rasa ɗaya ko biyu a kowace tsara da abin ke maƙale musu a rai. Me ake nufi in an ce akwai abu? Samuwar Allah da samuwar dutse ma'anarsu ɗaya ce, ko suna ne kawai ya haɗa su? Lamba bakwai tana nan a waje, ko a ƙwaƙwalwarmu kaɗai take zaune? Jiya da ta wuce, ina ta tafi? Irin waɗannan yara nake wa magana, su da iyayen da za su sa musu albarka.

In irin wannan yaro ya ci shahada, wato jarrabawar gama sakandare ta Sudan, ƙofofi biyu ne suka fi jan hankalinsa. Ɗaya sashen falsafa a Kulliyyar Adab, ko a Jami'ar Hartum ko a Jami'ar Nilain. Ɗayar kuma sashen aƙida a Saudiyya: Jami'ar Musulunci ta Madina, ko Ummul Ƙura a Makka, ko Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud a Riyad. A majalisar dattawa za ka ji an ce ta farko hanyar ɓata ce, ta biyu hanyar shiriya. A majalisar samari 'yan boko kuma sai a ce ta farko ta masu tunani ce, ta biyu ta masu hadda. Duka biyun hirar shan shayi ce. Mutanen da za ka yi ta jin sunansu a wuraren biyu kusan su ne dai: Aristo, Farabi, Ibn Sina, Gazali, Ibn Rushd, Ibn Arabi, Ibn Taimiyya. Bambancin da ya fi kowanne nauyi shi ne littafin wa za a danƙa maka a hannu, na mai maganar ko na wanda ya yi masa raddi.

Don a ga abin da nake nufi, mu ɗauki mas'ala ɗaya mu bi ta ɗakunan karatun biyu.

Ibn Sina, wanda aka haifa a 980 ya rasu a 1037, ya kafa hujjarsa a kan rabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Je kasuwar amfanin gona ta Gadarif ka tsaya gaban buhun riɗi. Kana iya sanin menene riɗi sarai, ƙwayarsa, mansa, lokacin shukarsa da lokacin yankansa, amma wannan sanin duka ba zai gaya maka ko bana akwai buhu ɗaya a sito ba. Ashe ke nan "menene shi" daban, "akwai shi" daban. Na farko shi ake kira mahiyya, na biyu samuwa. Duk abin da haƙiƙarsa ba ta ƙunshi samuwarsa ba, mai yiwuwa ne: a kan kansa, samunsa da rashinsa kunnen doki suke, sai wani abu ya rinjayar da ɗaya. Riɗin nan ya rataya a kan iri da damina da manomi, su ma kowannensu ya rataya a kan wani. Tattara su gaba ɗaya, ka ce ma ba su da iyaka. Tarin nan shi ma mai yiwuwa ne, tunda ba komai ba ne face ɓangarorinsa, don haka yana bukatar wani a wajensa. Wanda kuwa yake wajen dukkan masu yiwuwa, ba abin da ya rage ya zama sai Wajibin Samuwa, wanda samuwarsa daga zatinsa take. Hujja ce da ba ta ce ka ɗaga kai ka dubi taurari ba, samuwa kaɗai ta duba ta kai inda ta kai.

A sashen falsafa, malamin kirki zai sa ka buɗe littattafan Ibn Sina, Isharat ko Ilahiyyat ɗin Shifa, ka karanta lafazin mutumin da kansa. Zai komar da kai baya zuwa ga Aristo, wanda ya ce akwai wani ilimi da ke binciken samamme ta fuskar kasancewarsa samamme, ba ta fuskar nauyinsa ko adadinsa ba. Daga nan a kawo ka gaba. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya zargi Ibn Sina da mai da samuwa kamar wata siffa da aka ɗora wa abu daga baya. Tomas Akwinas na Kiristocin Turai ya ɗauki rabewar ya gina nasa tauhidin a kanta. Mulla Sadra a Iran, a ƙarni na 17, ya ce samuwa ce asali, mahiyya iyakokinta ne da hankali ke zanawa. Sai Kant na Jamus a 1781 ya zo ya ce samuwa ba ta ƙara komai a ma'anar abu: kuɗi ɗari da ke aljihunka da kuɗi ɗari da kake sawwarawa, ma'anarsu ɗaya, bambancin a arzikinka yake. Haidega kuma a 1927 ya ce duk sun shagala da samammu sun manta tambayar samuwar kanta. Littafinsa na nan da Larabci tun 2012, fassarar Fathi al-Miskini ɗan Tunisiya, kuma ko da Larabcin ma sai ka yi gumi.

Irin tambayar da za ka tarar a jarrabawa ita ce: gina hujjar Ibn Sina a mafi ƙarfin siffarta, sannan ka nuna ko sukan Kant ya same ta ko ya kuskure. Maki yana kan yadda ka yi wa mutumin adalci da yadda ka gano gurbin rauni. Ba dole ne malamin ya gaya maka inda shi ya tsaya ba. Ƙarfin sashen ke nan, kuma nan ne haɗarinsa. Ana iya fita da ra'ayi goma a ka, ba ko ɗaya a zuciya. Mun ga samarin da suka dawo unguwa suna iya rusa kowace magana amma ba sa iya gina ta kwana ɗaya, kuma su ne suka jawo wa fannin baƙin jini, ba Aristo ba.

A sashen aƙida na Saudiyya ba ta nan ake shiga ba. Sai an kafa maka tushe tukuna: Kitabut Tauhid, Wasiɗiyya, Hamawiyya, Tadmuriyya, sharhin Ɗahawiyya na Ibn Abil Izz, tare da tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu. Ibn Sina yana zuwa daga baya, a darasin manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin kafa hujja) da falsafa da ƙungiyoyi, kuma yana zuwa ne a matsayin wanda ake tuhuma.

Duk da haka, wanda ya ce babu ilimin samuwa a can bai karanta Tadmuriyya ta Ibn Taimiyya ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ɗauki tambayar da na fara da ita, ta samuwar Allah da samuwar halitta, ya ba ta amsa mai ƙashi. Ya ce akwai gwargwadon ma'ana da suka yi tarayya a ciki, in ba haka ba da ba mu fahimci komai daga kalmar ba. Amma wannan ma'ana ta tarayya a cikin hankali take. A waje babu wani abu wai shi samuwa sake ba ƙaidi. Abin da ke waje shi ne wannan samamme da wancan, kowa da samuwar da ta keɓanta da shi. Da wannan makamin ya juyo kan Ibn Sina: in ka tsiraita Wajibin Samuwa daga kowace siffa har ya zama samuwa tsantsa, to ka siffanta abin da ba ya samuwa sai a ƙwaƙwalwa. Da shi kuma ya yaƙi masu cewa samuwa ɗaya ce. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, wannan matsayi ne na falsafa cikakke, irin wanda masanan Turai suka yi ƙarnoni suna jayayya a kansa. Littafinsa Dar'u Ta'arudil Aƙli wan Naƙli, wanda Muhammad Rashad Salim ya tace, Jami'ar Imam ta buga, ya cika shiryayye guda, kuma Shehin yakan ciro maganar Razi da Amidi da Ibn Sina da Ibn Rushd shafi bayan shafi kafin ya sa musu wuƙa. Ɗalibin da ya bi wannan littafin da gaske ya fi da yawa daga cikin masu digirin falsafa sanin falsafar Musulmi.

Matsalar ita ce kaɗan ne ke bin sa da gaske a matakin digirin farko. Yawanci muzakkira ce, 'yan shafukan da aka taƙaita: ga shubuha, ga amsarta ta fuska biyar, haddace ka zuba. Amsar tana zuwa kafin tambayar ta ciji mutum. Sanin Ibn Sina ta bakin abokin husumarsa kaɗai, ko da abokin husumar amintacce ne, kamar alƙali ne ya yanke hukunci bayan ya saurari mai ƙara shi kaɗai. Hukuncin yana iya dacewa da gaskiya, amma alƙalin bai koyi shari'a ba. Kada 'yan Hartum su yi dariya: su ma suna da nasu takardun taƙaitawa da ake kwafa a bakin ƙofar jami'a, kuma akwai mai digirin falsafar da bai taɓa gama littafin masani ɗaya daga bango zuwa bango ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa ɗan gidan Hausawan Sudan a fili kafin ya hau jirgi. Mafi yawan gidajenmu Malikawa ne, Ash'arawa, da yawa kuma 'yan Tijjaniyya ko Ƙadiriyya. A sashen aƙida na Madina, littafin Sanusin nan da malaminka ya biya maka yana cikin abubuwan da za a sa a faifai a soka, haka ma ɗariƙar kakanka. Ba ɓoye abin ake yi ba, manhajar ke nan, kuma wanda ya fito daga gidan Ansarus Sunna zai ji kamar gida ya koma. Amma wanda ya fito daga zawiya ya shirya: ko dai ya yi shekara huɗu yana rubuta abin da bai gamsu da shi ba don ya ci jarrabawa, ko ya gamsu ya dawo ya tarar da mahaifinsa a kan buzu da carbi, a rasa mai fara magana. Ɗan falsafa shi ma yana da nasa kason. Ranar da ya ambaci Kant a gaban liman, an gama yi masa suna.

Wannan saɓanin ba yau aka fara shi ba, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi, Suyuɗi yana haramtawa, Magili yana karewa. Ahdari a cikin Sullam, littafinsa na manɗiƙi wanda har yau ake karantawa a zaure, ya kawo ra'ayoyin uku: Ibn Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai cikakken hankali wanda ya goge da Alƙur'ani da sunna. Gazali, da ya tuhumi masana falsafa a mas'aloli 20 ya kafirta su a uku, sai da ya fara zama ya rubuta manufofinsu tsaf yadda su kansu za su yarda. A gidan Shehu Usmanu ma akwai Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864 ya yi rubutu a kan falsafa da martabobin samuwa. Jama'ar da ta biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, ta zo ta kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, daga wannan gidan ilimin ta fito. Yaron Maiwurno da ke tambaya a kan samuwa gadon gidansu yake nema.

Yanzu maganar ƙasa, wadda ita ce ke yanke hukunci a yawancin gidaje.

Jami'ar Hartum ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902, ta zama jami'a a 1956, kuma sashen falsafarta ya yi suna. Masu son ƙwallo ma sun san ɗaya daga cikin malamansa, Dakta Kamal Shaddad, wanda ya daɗe yana shugabantar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. A Adab ana fara wa da darussa da dama kafin a keɓanta, kuma wanda makinsa ya kai yakan ƙara shekara ta biyar don digirin daraja, wanda shi ne tsanin zama malamin jami'a. Nilain kuwa reshen Jami'ar Alƙahira ce a da, sai 1993 aka mai da ita ta Sudan, kuma ta gaji ɗabi'ar karɓar jama'a da yawa, har da ma'aikata masu karatu bayan tashi daga aiki. Tun sauyin da aka yi wa ilimin jami'a a 1990 Larabci ya zama harshen koyarwa, abin da ya sauƙaƙa wa yaranmu shiga, ya kuma rage musu Turancin da za su bukata in sun so wucewa gaba.

Rabin falsafar Hartum ba a aji ake koyonta ba. A dandalin muhawara ake yi, inda ɗalibi ke tsayawa a tsakiyar da'ira yana kare ra'ayinsa, ɗan kwaminis da ɗan Ikhwan da ɗan jamhuriyya (mabiyin Mahmud Muhammad Ɗaha) kowa na jiran ya yi tuntuɓe. Ana yi a kan 'yan kujerun mai shayi a gindin bishiya, da wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a tsakiyar gari. A nan yaro ke gane cewa hujjar da ya haddace jiya ba ta jure tambaya biyu.

Wannan rabin ne yaƙin Sudan ya fi ci. Tun 15 ga Afrilu 2023 harabar jami'ar, wadda ke dab da hedkwatar soja da fadar shugaban ƙasa, ta zama fagen daga. An lalata gine-gine, an wawashe kaya, malamai da yawa sun watse zuwa Masar da ƙasashen Larabawa na Gulf. Karatu ya koma intanet, jarrabawa ta koma cibiyoyi a garuruwan da ke da sauran zaman lafiya da ma wajen ƙasar. 'Yan shahadar 2023 ba su zauna jarrabawarsu ba sai Disamba 2024. Sojoji sun karɓe Madani a Janairu 2025, Hartum a Maris, amma gini ya fi saurin gyaruwa a kan sashe. Tun kafin yaƙin ma, juyin juya halin 2018 da 2019, da korona, da juyin mulkin Oktoba 2021, sun sa digirin shekara huɗu yana jan ƙafa har ɗalibi ya manta da wa ya fara. Lissafi yana iya jure saƙon murya a WhatsApp. Falsafa ba ta jurewa sosai, domin ranta shi ne wani ya katse ka ya ce ban yarda ba.

A Madina kuwa, jami'ar da aka kafa a 1961 don 'ya'yan Musulmin duniya, wanda aka ɗauka yana samun ɗaki, da alawus na wata, da abinci mai rahusa, da tikitin jirgi, da magani, ga ɗakin karatu cike, ga halƙoƙin Masallacin Annabi bayan la'asar da magariba. Shekara huɗu shekara huɗu ce. Ga gidan da yaƙi ya kora daga unguwar Ingaz ko Mayo a Hartum ya zube a makarantar firamare a Kasala, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba zan raina wanda ya zaɓi Madina saboda ita kaɗai ba. Ƙa'idar tallafin ta sa iyakar shekaru, 25 ga mai neman digirin farko, 30 ga na biyu, 35 ga na uku. Tallafin iri biyu ne, na waje ga wanda ke ƙasarsa, na ciki ga mai iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, wanda shi ya shafi 'yan'uwanmu na Makka da Jidda masu fasfon Sudan ko Najeriya ko Nijar. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa daga ko'ina, amsa tana iya daɗewa. Don haka wanda ya nema kada ya naɗe hannu yana jira. Ya yi rajista a gida, ya shirya fasfo da shaidar karatu da hatiminsu tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Saudiyyar ma ta motsa. Shekaru da dama jami'o'inta ba su da sashe mai zaman kansa da sunan falsafa. A ƙarshen 2018 ma'aikatar ilimi ta sanar da shigar da falsafa da tunanin tantancewa makarantun sakandare. A 2020 aka yi wa ƙungiyar falsafa rajista, wadda ta tsiro daga halƙar da wasu masana ke yi a Riyad tun 2008. A Disamba 2021 aka yi taron falsafa na ƙasa da ƙasa na farko a Riyad. Littattafan da a da sai an ɓoye a ƙasan akwati yanzu ga su a baje kolin littattafai. Amma wannan duka a gefen digiri yake, kuma guraben da baƙo ya fi samu har yanzu na shari'a ne da hadisi da aƙida da Larabci. Wanda ke son cin moriyar wannan sabuwar iska, Jami'ar Imam a Riyad ta fi masa kusa da ita a kan Madina.

Akwai hanyar tsakiya ga wanda bai son ko wanne gefe: Usuluddin a Jami'ar Musulunci ta Umdurman, ko Jami'ar Afirka ta Hartum da 'yan Najeriya suka sani sosai, ko kuma, ga waɗanda gudun hijira ya kai Masar, Azhar, inda sunan sashen ma aƙida da falsafa ne a haɗe, kuma ana karanta ilimin kalam na Ash'arawa daga littattafan masu shi. Na Sudan ɗin dai yaƙin bai ƙyale su ba su ma.

'Yan mata lissafinsu daban. Jami'ar Madina da maza aka san ta. Ummul Ƙura da Imam suna da ɓangaren mata, kuma dole a karanta sharuɗɗan shekarar da kyau, musamman abin da ya shafi muharrami da masauki. A Hartum da Nilain aji ɗaya ake zama, kuma mata ba su da ƙaranci a Adab.

Sai tambayar da ba a tsallake ta. Uba yana kishingiɗe a kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa, ya saurari bayanin ɗansa har ƙarshe, sannan ya ce, "To, ɗana, na ji. In ka gama, limanci za a ba ka ko ofis?" Yaron ya ce, "Baba, ilimi nake nema." Uban ya ce, "Allah ya ba ka. Ƙannenka fa, shi za su ci?" Tambayar tana kan hanya, kuma gaskiya a nan Madina ta fi. Mai shaidar aƙida yana da kasuwa a shirye: koyarwa a makarantun addini, mumbari, ƙungiyoyin da'awa, sassan nazarin Musulunci a Sudan da Najeriya da Nijar, ga Larabcin da ya goge. Sai dai kada ya sa rai da zama a can, domin ɗan tallafin waje ana sa ran ya koma ƙasarsa in ya gama. Mai shaidar falsafa babu kujerar da aka rubuta sunansa a kai. Yana shiga koyarwa, ko jarida, ko aikin gwamnati, ko ƙungiyoyin agaji in yana da Turanci, ko ya daure har digiri na uku. Abin da yake sayarwa shi ne iya karatu mai wuya da iya rubutu mai tsari, kuma sai ya nemi mai saye da ƙafarsa.

Ga inda na tsaya. Yaron da ya riga ya ƙoshi a zaure, ya sauke Alƙur'ani, ya yi Sanusi da Sullam da nahawu, Larabcinsa ya zauna, kuma gidansu na iya ɗaukar nauyinsa, sashen falsafa ya fi masa, da sharaɗin ya tabbatar akwai malamai a ƙasa da aji na gaske, ba rukunin Telegram ba. Irinsa ne Ahdari ya halatta wa, kuma in ya je sashen aƙida zai shafe shekara biyu yana maimaita abin da ya sani ko yana faɗa da shi. Yaron da boko kaɗai ya yi, tambayoyinsa daga bidiyon intanet suka zo, bai iya karanta shafi ɗaya na Gazali ba tare da ya yi tuntuɓe ba, in ya sami Madina ko Makka ya tafi. Zai sami harshe da nassi da natsuwar shekara huɗu, abubuwan da falsafar Musulmi ba ta buɗuwa sai da su. Amma ya ɗaukar wa kansa alkawari: duk wanda aka yi wa raddi a aji, zai je ɗakin karatu ya nemo littafinsa ya ji ta bakinsa. Bayan nan ƙofar digiri na biyu a falsafar Musulunci, a Masar ko Sudan ko wani wuri, ba a rufe take ba. Komawa ta ɗaya hanyar, daga digirin falsafa zuwa digiri na biyu a aƙida a Saudiyya, ya fi wuya, domin sukan nemi digirin farko ya kasance na fannin.

Wanda kuma abin da yake so shi ne Haidega da Sartar na Faransa da falsafar Turai ta zamani, kada ya yaudari kansa da Madina ko kaɗan. Zai ji sunayensu a darasin mazhabobin zamani, cikin 'yan shafuka, a jerin abubuwan da ake gargaɗi a kansu. Hartum ko Alƙahira ne wurinsa, kuma ya fara koyon Turanci ko Faransanci tun yau.

Kafin a cika kowace takarda, akwai gwaji mai arha. Nemi ɗalibin shekarar ƙarshe a sashen da kake so, ka roƙe shi takardar jarrabawar bara, ka tambaye shi wane littafi suka karanta daga farko har ƙarshe, da ranar da ya ga malaminsa ido da ido na ƙarshe. Sannan ka sauke littafi biyu a wayarka, duka ana samunsu kyauta: Tadmuriyya, da namaɗi, wato babi, na huɗu na Isharat, inda Ibn Sina ya yi maganar samuwa da sababanta. Ka ba kowanne mako biyu, da biro da takarda, kana rubuta hujjar da kalmominka, da Hausa in ka so. In ka kasa fahimta kada ka karaya, Ibn Sina da kansa ya ba da labarin ya karanta littafin Aristo sau arba'in bai gane ba, sai da ya sayi wani ɗan littafin Farabi dirhami uku a kasuwar masu littattafai. Ka lura da wanda ka riƙa komawa gare shi bayan wa'adinsa ya cika, ka kai wa malaminka na zaure takardun biyu ya duba maka.